Kurakuran yaƙin tattalin arziki da leƙen asiri a wasannin dabarun yaƙi

Yawancin masu buga Age of Empires II a shagunan gem na Zoo Road da Sabon Gari sojan abokin gaba suke bi su bar manomansa, alhali manoman ne ke ciyar da sojan. Dawaki huɗu ko biyar da suka faɗa wa masu saran itace sun fi runduna guda ɓarna, domin ko ba ka kashe kowa ba, duk daƙiƙar da masu saran suka yi a ɓoye asara ce ga mai su. Kada dai ka kusanci babban gidan gari, kibansa za su ƙarar da dawakinka. Ka buga, ka janye, ka ɓullo ta wajen ma'adinin zinariya.

Sai kasuwa. Da farko itace 100 zinariya 70 yake kawowa, saboda kamashon kashi 30 cikin ɗari. Kowane sayarwa yana karya farashi, har ya sauka zuwa 14, kuma farashin ɗaya ne ga kowa a fagen. Wanda ya riga sayarwa shi ya ci riba, kamar mai kai sabon hatsi Dawanau kafin kaka ta cika kasuwa. Idan wasan zai yi tsawo, sayi fasahar Guilds a kasuwa, kamasho ya koma kashi 15. Amalanken fatauci kuwa nisa ne ribarsu, don haka gina kasuwarka a can ƙuryar taswira, nesa da ta abokinka, ka kuma katange hanyar. Mutane da yawa a tsakiyar gari suke ginawa, sannan su yi mamakin ƙarancin abin da ke shigowa.

Fasahar leƙen asiri da ake saya a ginin Castle, wadda ke nuna maka duk abin da abokin gaba ke gani, tana cin zinariya 200 kan kowane ma'aikacin abokin gaba. Mai ma'aikata 100, kuɗinsa 20,000 ke nan. Kada ka saya sai ka karkashe su, lokacin da kake neman sauran da suka ɓuya.

A Europa Universalis IV, inda ake iya riƙe Kano kanta tun daga 1444, kuskuren shi ne barin jakadu zaune. Tura ɗaya ya kafa 'yan leƙen asiri a Katsina ko Zazzau tun ranar farko. Da maki 20 na leƙen asirin da jakadan ya tara za ka ƙirƙiro hujjar mallakar lardin da ke maƙwabtaka da kai, kuma yawan makin yana saurin karya ganuwa lokacin ƙawanya. Takunkumin ciniki kuma a kan ƙasar da ka ayyana kishiya kawai ya kamata a sa shi. Ka sa wa wata, cinikinka ne zai ragu.