Yadda Mai Ciki Za Ta Kare Jaririnta Daga Ƙwayar GBS Lokacin Haihuwa

Akwai wata ƙwayar cuta da ke zama a hanji da farjin mata da yawa ba tare da ta jawo ciwo ko ƙaiƙayi ko fitar wani ruwa ba, har mace ta daɗe tana ɗauke da ita ba ta sani ba. Likitoci na kiranta Strep rukunin B, a takardun asibiti kuma ana rubuta GBS. Ba kasafai take cutar da babba mai ƙoshin lafiya ba. Abin tsoron yana ranar haihuwa, domin jariri na iya shaƙar ta ko haɗiye ta yayin da yake fitowa, ko kuma ta haura zuwa mahaifa bayan faya ta fashe. Idan ta shiga jikinsa takan jawo gurɓatar jini, ko ciwon huhu, ko sanƙarau. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, an ƙiyasta cewa kimanin kashi 15 cikin 100 na masu juna biyu a duniya suna ɗauke da ita, wato mata kusan miliyan 20 a shekara, kuma tana da hannu a mutuwar jarirai kusan 100,000 da faɗowar aƙalla 46,000 ba rai duk shekara. Kusan rabin wannan nauyi a kan ƙasashen Afirka na kudu da Sahara yake.

Tun da fari ya kamata a raba ta da abin da mata ke kira ciwon sanyi. Ba a ɗaukar ta a matsayin cutar da ake samu ta hanyar saduwa, ba kuma alamar ƙazanta ba ce, don haka idan gwaji ya nuna kina da ita, babu dalilin zargin maigida ko abokiyar zama. Takan zo ta tafi da kanta, mace ta kasance da ita a wannan ciki, a ciki na gaba a neme ta a rasa.

Mataki na farko shi ne zuwa awo da wuri da kuma yin gwajin fitsari idan an rubuta shi. Idan aka ga GBS a fitsarinki a kowane wata na cikin, za a ba ki maganin ciwon mafitsara nan take idan da buƙata, sannan a rubuta a katinki cewa sai an yi miki allura ranar naƙuda, ko da kin sha maganin kin warke. Gwaji na musamman kuwa ana yin sa ne a mako na 36 zuwa na 37, wato farkon wata na tara. Ma'aikaciyar jinya za ta goga ɗan tsinke mai auduga a bakin farji da dubura, a kai ɗakin gwaji a rena ƙwayar, sakamako ya fito cikin kwana biyu ko uku. Ba ya da zafi, ba ya kuma taɓa abin da ke ciki. An zaɓi wannan lokaci ne saboda sakamakon ba ya da tabbas idan ya wuce kimanin mako biyar kafin haihuwa.

A Amurka kowace mai ciki ake yi wa wannan gwaji, a Ingila kuwa an daɗe ana dogara ga duba alamomin haɗari maimakon gwada kowa. A Najeriya ba ya cikin gwaje-gwajen da ake yi wa kowa a wajen awo, saboda haka ke ce za ki buɗe baki ki tambaya. Wadda ke kusa da Birnin Kebbi tana iya tambaya a Asibitin Tunawa da Sir Yahaya ko asibitin gwamnatin tarayya. Wadda ke awo a ƙaramin asibitin gunduma a yankin Argungu, Yauri, Zuru ko Kamba, ta tambayi malamar awo inda za a tura ta. Idan gwajin bai samu ba, kada hankalinki ya tashi, domin akwai yanayi biyar da za su sa likita ya yi miki allurar ranar naƙuda ko babu sakamako a hannu, kuma a ganina sanin su ya fi gwajin kansa amfani ga yawancin matanmu: a ce kin taɓa haihuwar jaririn da wannan ƙwaya ta kama, ko an gan ta a fitsarinki a wannan ciki, ko naƙuda ta taso kafin mako 37, wato haihuwar bakwaini, ko faya ta fashe har aka yi awa 18 ba a haihu ba, ko kuma zazzaɓi ya rufe ki cikin naƙuda har ma'aunin zafi ya kai 38.

Wata za ta ce, tun da an san ƙwayar na nan, me zai hana a sayi magani a kemis a sha tun ciki na wata bakwai a huta? Ba ya aiki. Ƙwayar kamar ciyawar damina take, an nome ta yau, kafin ranar haihuwa ta sake tsirowa, ga kuma illar shan maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai, wanda ke sa su daina jin magani. Abin da ke kare jariri shi ne allurar penisilin ko amfisilin da ake yi ta jijiya bayan naƙuda ta fara, a riƙa maimaitawa duk bayan awa huɗu har a sauka. Ana son allurar farko ta shiga aƙalla awa huɗu kafin jariri ya faɗo, domin maganin ya samu lokacin ratsa jinin uwa ya isa gare shi. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bayyana cewa idan mai ɗauke da ƙwayar ba ta samu allura ba, jariri ɗaya cikin 200 ne ke kamuwa, idan kuwa ta samu sai ya koma ɗaya cikin 4,000. Idan kin san jikinki ba ya karɓar penisilin, wato kin taɓa yin ƙuraje ko kumburi ko sarƙewar numfashi bayan kin sha, ki faɗa tun a wajen awo a rubuta, akwai wasu magunguna da ake musanyawa da su.

A kan waɗannan awanni huɗu ne al'adarmu ke karo da magani. An saba yaba wa macen da ta danne naƙuda ba ta ce uffan ba, musamman a haihuwar fari, inda kunya kan hana yarinya gaya wa surukarta ko ma mahaifiyarta cewa abu ya taso, sai an ga ta durƙusa. Da yawa kuma idan ruwa ya fara zuba sai a ce zaƙi ne ke fita, a ƙara mata jiƙo, a jira ciwo ya kankama. Wadda ta isa asibiti kan jariri ya riga ya sauko ta rasa mafi yawan amfanin allurar, ko da yake za a yi mata, domin kaɗan ya fi babu. Saboda haka da zarar faya ta fashe, ko da babu ciwon mara ko na baya, ki dubi agogo ko waya ki riƙe lokacin, ki lura da launin ruwan da warinsa, ki sa ƙyalle mai tsabta, sannan a kama hanya. Kada a tura hannu ko wani haɗin magani a ciki, ko daga ungozoma ne, domin kowace taɓawa tana ƙara tura ƙwayoyi sama. Da kin isa, kafin a tambaye ki, ki ce wa malamar ɗakin haihuwa an taɓa ganin GBS a jikinki, ki faɗi ƙarfe nawa ruwa ya fashe. Idan ciki ya isa haihuwa, faya ta fashe, amma naƙuda ta ƙi tasowa, likita na iya sa ruwan naƙuda maimakon a yi ta jira.

Nan ne aikin maigida yake. Tun ciki na wata takwas ya kamata ya ajiye kuɗin mota da na magani, ya karɓi lambar direban da zai ɗauki waya cikin dare, ya kuma ba da izini tun da wuri cewa ko ba ya gida a tafi da ita. Mutanen ƙauyukan fadama da na bakin Kogin Kwara, inda hanya kan yanke a watan Agusta ko sai an hau kwale-kwale, gara mai cikin ta koma wajen 'yan uwa kusa da asibiti idan watanta ya kama. Wadda za ta tafi goyon ciki gidan iyayenta ta tafi da katin awonta, ta nuna shi a asibitin can tun kafin ranar.

Wadda aka shirya yi wa tiyata tun kafin naƙuda ta fara, faya kuma ba ta fashe ba, ba ta buƙatar wannan allura ta GBS. Shayar da nono kuwa babu abin da ya hana shi.

Bayan an sauka, kada a matsa wa ma'aikata su yi sallama don a je a fara wankan jego, domin jariran da ke kamuwa a makon farko galibinsu cikin awa 24 na farko suke nuna alama. A lura da jaririn da ke gurnani ko nishi a kowane numfashi, ko numfashinsa ya kai 60 a minti ɗaya, ko haƙarƙarinsa na lotsawa ciki. Da wanda ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya saki, ko barci ya yi masa nauyi har ba a iya tashinsa. Da wanda jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko leɓɓansa suka yi shuɗi, ko yake jijjiga. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a koma asibiti a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne. Ƙin shan nono a irin wannan hali ba beli ba ne da za a kira wanzami, kuma addu'a da tofi a yi su a kan hanya, kada su zama dalilin jinkiri, domin jariri na iya taɓarɓarewa cikin 'yan awanni, maganinsa kuma allura ce ta jijiya da sai an kwantar da shi.

Akwai kuma nau'in da ke zuwa a makare, daga ranar suna har jariri ya kai wata uku, wanda sau da yawa sanƙarau yake zama, kuma allurar da aka yi wa uwa a naƙuda ba ta hana shi. Alamominsa sun haɗa da zazzaɓi, kuka mai tsini da ba ya jin rarrashi, kumburin maɗiga, da ƙin nono. Zaman arba'in ba ya hana fita da jariri mara lafiya. Idan mai jego ba ta iya tafiya, kaka ko gwaggo ta ɗauke shi, maigida ya raka su. Jaririn da ya warke daga sanƙarau a nemi a duba jinsa, a kuma ci gaba da kai shi a ga yadda yake girma, domin cutar kan bar kurumta ko jinkirin zama da tafiya. Har yanzu babu allurar rigakafin GBS da aka amince a fara yi wa jama'a, don haka idan likita ya tabbatar ita ce ta kama jaririnki, ki roƙa a rubuta miki a takarda ki adana, ki nuna ta a ranar farko da kika je awon ciki na gaba, domin daga nan duk naƙudar da za ki yi sai an yi miki allurar ba tare da jiran wani gwaji ba.