Yadda Za a Yi Aiki da Tsohuwar Waya Mai Ja da Baƙi a Gidajen Garwa da Marwa

Mai gyaran wuta da ya buɗe akwatin haɗin waya a tsohon gida a Garwa ko Marwa, a arewacin Kamaru, yakan tarar da launuka na tsari biyu a cakuɗe. Masu sana'a a nan sun koyi aiki bisa ƙa'idar Faransa, wato NF C 15-100, amma waya da yawa takan shigo kasuwanninmu daga Najeriya ta hanyar Mubi, kuma tana ɗauke da tsohon launin Ingila.

A ƙa'idar Faransa, shuɗi mai haske na wayar da wuta ke komawa ta cikinta ne, wadda ake kira netir, kore mai ratsin rawaya kuma na wayar ƙasa ne kaɗai, wato wayar kariya da ke kai wutar da ta zurare cikin ƙasa. Mai ɗauke da wuta, wato faz, tana iya zama ja, baƙa ko ruwan ƙasa. A tsohon tsarin Ingila kuwa, ja shi ne faz, baƙi shi ne netir, sannan a layi mai faz uku ana amfani da ja, rawaya da shuɗi. Ingila da kanta ta fara barin wannan tsari a 2004, kuma daga 2006 sabon aiki sai da ruwan ƙasa, baƙi da ruwan toka a faz, shuɗi a netir.

Ja ba ya rikita kowa, domin faz ne a tsarin biyu. Haɗarin yana wurin baƙi da shuɗi, waɗanda suka yi musayar aiki: baƙar wayar da wani ya ɗauka netir ce tana iya ɗauke da volt 220, shuɗiyar da ke cikin injin niƙa ko famfon rijiyar burtsatse kuma tana iya zama faz ta uku, kuma tsakanin faz da faz ƙarfin wuta yakan kai volt 380. Wanda ya haɗa shuɗi da shuɗi don launi ya zo ɗaya, yana iya haɗa faz da netir ke nan.

Ƙa'idar Faransa ba ta tilasta a cire tsohuwar waya saboda launinta kawai. Abin dubawa shi ne lafiyar robarta, musamman wadda ta shekara ƙarƙashin rufin kwano a zafin Maris da Afrilu. Idan ta bushe tana farfashewa, a sauya ta. A duba kaurinta kuma: milimita murabba'i 1.5 na fitila ne, 2.5 na soket.

Idan wayar lafiya take, kafin a kwance komai a auna ta da maltimita, wato na'urar auna wuta, a tabbatar wace ce faz, a rubuta. Sukudireba mai ƙwai ba ta isa shaida ba, domin takan haska a wayar da ke kwance kusa da mai wuta. Daga nan a kashe babban disjonkter, wato makatsin wutar gidan gaba ɗaya, a raba janareto da inbata da layin gidan, sannan a sake aunawa, domin ɗauke wuta daga kamfani ba tabbaci ba ne, ana iya maido ta hannunka na kan waya.

Sai a yi wa kowace tsohuwar waya alama a bakinta biyu da robar sawa ko tef mai launi: shuɗi a kan baƙar netir, ja ko ruwan ƙasa a kan duk wadda ke ɗaukar wuta, har da mai dawowa daga makunnin fitila, wadda aka fi mantawa da ita. Kore mai ratsin rawaya dai ba a mayar da ita faz ko netir ko da an naɗe ta da tef, duk da cewa wasu na yin haka idan waya ta ƙare musu. A ganina kuma bai dace a shimfiɗa sabon layi da ragowar ja da baƙi ba, ko da sun fi araha, tun da akwai ja da baƙin batirin sola da ke nufin wani abu dabam a gida ɗaya.

A murfin allon rarraba wuta a manna takarda da Faransanci da Hausa, mai cewa gidan yana da launukan tsari biyu, a lissafa layukan da baƙi yake netir a cikinsu. In allon ba shi da na'urar kariya ta miliamfiya 30, mai katse wuta idan ta zurare, a saka ta kafin a mayar da wuta, a danna maɓallin gwajinta a ga ta katse.