Yadda Ake Bambance Ɗumamar Duniya da Hawa da Saukar Zafi na Shekara-Shekara

Duk wanda ya buɗe jadawalin zafin iskar kan tudu, irin wanda hukumar NASA ta Amurka ko Jami'ar East Anglia ta Ingila ke fitarwa, zai ga layi mai kama da haƙoran zarto, bana sama, baɗi ƙasa, kuma a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa.

Ka fara da duba zamanin da aka ɗauka a matsayin ma'auni, domin adadin da ke jadawalin tazara ce tsakanin zafin shekara da matsakaicin wancan zamani. NASA na amfani da 1951 zuwa 1980, rahotannin Majalisar Ɗinkin Duniya kuma suna komawa 1850 zuwa 1900, saboda haka kuskure ne a jera alƙalumansu kafaɗa da kafaɗa ba tare da an daidaita su ba.

Daga nan sai ka ɗauki aƙalla shekara 30, kamar yadda Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta tsara, kuma ka lura sosai da shekarar da lissafin ya soma, don a ganina nan ne aka fi yaudarar mai karatu. Wanda ya soma daga 1998, shekarar da El Nino mai ƙarfi, wani yanayi na ɗumamar ruwan teku da kan dawo bayan 'yan shekaru, ya ɗumama gabashin tekun Pasifik ya kuma ɗaga zafin duniya, zai ga kamar ɗumama ta lafa har zuwa 2012, alhali da ya ja baya zuwa 1970 da ya ga hawan bai yanke ba. Ɗauki alƙalami ka yi alama a kan shekarun El Nino, wato 1998 da 2016 da 2024, sannan ka yi wata a kan 1992, lokacin da hayaƙin dutsen Pinatubo, wanda ya yi aman wuta a Filifin a 1991, ya tare hasken rana ya rage zafin duniya da kusan rabin digiri a ma'aunin Celsius. Irin waɗannan tsalle-tsalle kan wuce cikin shekara ɗaya zuwa uku, kamar yadda hunturu mai tsanani a Kano ba ya hana bazara zuwa da zafinta.

Don ganin ainihin alƙiblar, ka haɗa alƙaluman shekara 11 a jere ka raba da 11, ka matsa gaba da shekara ɗaya ka maimaita har ƙarshe. Haƙoran zarton za su kwanta, layin ya miƙe.

A tuna kuma cewa tudu ya fi teku saurin ɗaukar zafi, saboda ruwa yana haɗiye zafi mai yawa kuma yana rage wani ta hanyar tururi. Rahoton masanan Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya nuna cewa daga 2011 zuwa 2020 zafin kan tudu ya zarce na 1850 zuwa 1900 da digiri 1.59, na saman teku kuma da 0.88, don haka ka tabbatar wanne ne a gabanka kafin ka ambaci wani adadi.