Moto Ya Ƙone: A Sake Naɗi ko a Sayi Sabo?

Kafin a kira mai naɗi ko a tafi kasuwa, a fara gano abin da ya kashe moton lantarkin. Idan ba a magance shi ba, sabon ma haka zai ƙone.

A kashe wuta, a cire wayoyi, a auna koyil uku ɗin, wato naɗin wayar da ke cikin moto mai layin wuta uku, da mita. Ya kamata su zo kusan daidai. Bambancin da ya wuce kashi 5 cikin ɗari alamar matsala ce. Sai a ɗora mega mai bolt 500, wato mitar da ke auna ko wuta na zurarewa, tsakanin koyil da jikin moto. Ƙasa da megohm 1, kada a kunna. Amma a damina danshi kaɗai na iya jawo haka, don haka a gasa shi a hankali ya bushe, a sake aunawa. Motocin lantarki da yawa an kwance su a banza, alhali bushewa kawai suke buƙata.

In an buɗe, ƙunar da kanta za ta faɗi labari. Koyil duka sun yi baƙi bai ɗaya: lodi ya yi yawa, ko wuta ta yi ƙasa, ko ƙura ta toshe fanka. Wasu sun ƙone ƙurmus, wasu na nan da jan launinsu: layi ɗaya ne ya ɗauke, moton ya ci gaba da juyawa a kan biyu. Wannan ya yi yawa a wurinmu, kuma maganinsa rile mai tsaro ne, wato na'urar da ke yanke wuta da kanta, a allon wuta, ba naɗi ba.

Abin da ke yanke hukunci shi ne ƙarfen da koyil ke kwance a ciki. Siraran faranti ne aka jera, kowanne da ɗan shafe da ya raba shi da na kusa. Idan boris ya mutu har rota, wato ɓangaren da ke juyawa a ciki, ta goge ƙarfen, ko farantan suka narke suka haɗe, a haƙura da shi. Haka ma idan an taɓa babbaka shi da itace ko taya don cire tsohuwar waya, domin shafen ba ya jure zafin da ya haura digiri 370 ko makamancin haka. Irin wannan moton zai tashi, amma zai riƙa zafi yana shan wuta, kuma duk ƙarin digiri 10 na rage rabin kwanan koyil.

Ga lissafin da masu masana'anta a Sharada da Bompai na Kano ya kamata su yi. Moto mai kilowat 15, awa 12 kullum, kwana 300 a shekara, da cikakken lodi. Idan ingancinsa, wato kason wutar da yake mayarwa aiki, kashi 88 ne, na sabo kuma 92, bambancin wutar da za su sha a shekara ya haura yunit 2,600. A Band A, rukunin masu samun wuta mafi yawan awanni, inda yunit ya wuce naira 200, kuɗin ya zarce naira 500,000 duk shekara, a kan dizal kuwa ya fi haka. Moton da ke aiki awa biyu a rana ba ya cikin wannan lissafi, a naɗe shi. Ƙa'idar da aka saba: in gyara ya kai kashi 60 na kuɗin sabo, a sayi sabo, musamman ƙananan motoci.

Idan an tsaya kan naɗi, a sa mai aikin ya rubuta kaurin waya da adadin zagaye kafin ya yanke tsohuwar. A auna nauyin tagullar da aka cire, a kwatanta da wadda aka mayar. A kankare sabuwar wayar da wuƙa: in cikinta fari ne, alminiyam ce aka shafa wa ja. Takarda da banish da ake kare koyil da su su zama ajin F, mai jure digiri 155.

Famfon ruwan da moto ke juyawa kuwa ya fi sauƙin hukunci. Sil mai hana yoyo, boris da farfela mai tura ruwa kayan canji ne, ba su isa a jefar da famfo ba. Shaf ɗin dai, wato sandar da ke juya farfela, kada karkatarsa ta wuce milimita 0.05 a wurin sil, in ba haka ba sabon sil ma zai yi yoyo. Farfelar da ta yi ramuka kamar gara ta ci, ga ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, tana nuna ruwa ba ya isa bakin famfon. A duba bututun zuƙa da matatarsa. Gangar jiki da ta tsage, ko yashi ya cinye ta har ta yi siriri, ita ce ke sa a sayi sabo, kuma a zaɓe shi bisa yawan ruwa da tsayin da zai tura, ba bisa girman tsohon ba.