Ziyarar Hudaibiyya da Umara a kuɗin mota ɗaya

Jama'ar Makka, in za ku kai baƙi ziyarar Hudaibiyya, ku tafi da harami a jaka. Ku ɗaura a can, ku dawo ku yi Umara. Ba sai kun sake biyan mota zuwa Tan'im, inda mazauna Makka suka saba ɗaura harami, ba.

Wurin, wanda yanzu ake kira Shumaisi a tsohuwar hanyar Jidda, wani ɓangarensa yana wajen iyakar Haramin Makka, shi ya sa ake iya ɗaura haramin Umara a can. Ku tambayi direba ya tsayar da ku bayan alamar iyaka.

A hanya ku karanta Suratul Fathi, ayoyi 29 ne kacal. Ta sauka ne bayan sulhun Hudaibiyya na shekara ta 6 bayan Hijira. Aya ta 18 tana maganar mubaya'ar da aka yi ƙarƙashin bishiya a nan. Wanda ya ce zai nuna muku bishiyar, ku riƙe kuɗinku. Sahabbai ma da suka dawo ba su gane ta ba.

Amma fa wanda ya taso daga Najeriya ko Madina da niyyar Umara, mikatinsa daban ne.

Lokacin Hajji kuma, marar tasrihi (takardar izinin shiga Makka) kada ya fita. Akwai shingen jami'ai a Shumaisi, komawa zai yi wuya.