Yadda Za Ka Gano Fagen Binciken Malami a Sashen Nazarin Halittu

Wanda zai yi digiri na biyu ko na uku a nazarin halittu, shekarunsa masu zuwa suna hannun malamin da zai duba aikinsa. Sashe ɗaya kan tara mutanen da ko hanya ba ta haɗa ayyukansu ba: wannan yana bin tsuntsaye a daji, wancan yana ɗakin gwaji yana fama da ƙwayoyin gadon bakteriya, wani kuma kwamfuta ce kaɗai kayan aikinsa. Kafin ka ƙwanƙwasa ƙofar kowa, ga yadda za ka san wanda ya dace da kai.

Fara da shafin sashen a intanet. Rubuta sunayen malaman, da inda kowa ya yi digirin digirgir, da abin da ya ce yana bincike a kai. Amma kada ka tsaya nan, domin sau da yawa tun lokacin da aka ɗauki mutum aiki aka rubuta bayanin, ba a sake taɓa shi ba.

Sai ka nemi sunan malamin a Google Scholar, shafin neman maƙalun ilimi, ka jera maƙalunsa daga sabuwa zuwa tsohuwa. Na shekara uku zuwa biyar da suka wuce su ne za su gaya maka inda hankalinsa yake yanzu. Idan aikinsa ya shafi lafiya ko ƙwayoyin halitta, leƙa PubMed, rumbun maƙalun wannan ɓangare a intanet. A shafin bioRxiv kuma, wanda aka buɗe a 2013, za ka ga rubutun da ba a kai ga tantancewa ba tukuna. Suna yakan zo ɗaya, saboda haka ka tabbatar da lambarsa ta ORCID, wato lambar shaidar masu bincike mai alamomi 16, kada ka ɗora masa aikin takwaransa.

Mataki na uku shi ne wanda ɗalibai suka fi tsallakewa: karanta jerin sunayen marubuta. A yawancin mujallun wannan fanni, sunan farko na wanda ya yi gumin aikin ne, galibi ɗalibi ko matashin mai bincike. Sunan ƙarshe kuwa na shugaban ɗakin gwajin ne, mai tsara aikin da nemo kuɗinsa. Idan ka ga malami a ƙarshe, sunayen farko kuma suna ta sauyawa, alama ce yana yaye ɗalibai kuma suna fitar da aikinsu. Idan kullum a tsakiyar sunaye goma sha yake, mai yiwuwa samfuri ko na'ura ya ba da gudummawa, batun ba nasa ba ne. Ni dai wannan ya fi mini muhimmanci a kan yawan maƙalu.

Daga nan zaɓi maƙala biyu ka karanta ɓangaren hanyoyin bincike. Da wace halitta yake aiki: ɓera, ƙudan 'ya'yan itace, yis, ko tsiro? Aikin fita daji ne ko na zaman teburin gwaji? Nan za ka ga irin rayuwar da za ka yi kullum. Duba kuma ɓangaren godiya, inda ake ambaton masu ɗaukar nauyin binciken.

Akwai ma'aunin h, lambar auna tasirin mai bincike, da Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005. Wanda h ɗinsa ya kai 20 yana da maƙala 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20 a cikin wasu maƙalu. Kada ya ruɗe ka: mai binciken ciwon daji zai tara ambato fiye da mai rarrabe nau'o'in ƙwari, ko da na biyun ya fi ƙwarewa, kuma ma'aunin yana fifita wanda ya daɗe.

Halin mutum ba ya fitowa a takarda, sai a bakin ɗalibansa. Tambaye su ko yana mayar da gyara a kan lokaci, da shekara nawa na baya suka ɗauka kafin su gama.

Bayan haka ne za ka rubuta masa gajeriyar wasiƙa. Ambaci maƙalarsa ɗaya da ka karanta, faɗi tambayar da ta taso maka daga ciki, sannan ka tambaya ko yana ɗaukar ɗalibai a bana.