Darasi Na Huɗu: Zane Ɗaya, Ciniki Da Yawa

Wannan darasin na masu buƙata ta musamman ne da Allah ya ba baiwar zane ko waƙa ko ɗaukar hoto, da kuma ƴan uwan da ke tallafa musu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 6 na da wata nakasa, ka ga kuwa ba ƴan kaɗan ba ne.

Akwai wani Bajamushe, Arnulf Erich Stegmann, shan inna ta kashe masa hannuwa tun yana yaro, sai ya koma riƙe buroshi da baki. A shekarun 1950 shi da wasu irinsa suka kafa ƙungiyar masu zane da baki da ƙafa, dabararsu kuwa ita ce maimakon su dogara da sayar da zanen asali sai su buga kwafinsa a kati da kalanda, zane ɗaya ya yi ta kawo kuɗi. Wannan dabarar ta fi amfani ga wanda aiki ɗaya ke ɗaukarsa wata guda saboda yanayin jikinsa.

To ka lura da kyau, wanda ya sayi zanenka takarda da fenti ya saya, haƙƙin mallaka, wato ikon buga kwafinsa, na nan a hannunka sai in ka sa hannu ka bayar. In wani zai buga aikinka a riga ko bangon littafi ku rubuta yarjejeniya, kwafi nawa, har zuwa yaushe, nawa zai biya. Baka iya karatu ba ko baka gani? A karanta maka a gaban shaida, ko ka sa waya ta karanta da murya.

Wajen sa farashi ka haɗa kuɗin kayan aiki da awannin da ka ɓata da kuɗin mota da ladan wanda ya raka ka, sannan riba. Mutane da yawa na mantawa da ladan ɗan rakiyar nan, sai ribar ta tafi a can. Kuma kar ka karya farashi don wani ya ce tausayinka ya ji.

Kai kuma mai taimako, ɗaukar hoto da saka shi a Facebook da kai kaya naka ne, amma akawun ɗin banki da lambar waya su zama da sunan mai aikin, kwastoma ya yi magana da shi kai tsaye.

Aikin gida: zaɓi aikinka guda, rubuta duk abin da ka kashe a kansa, ka kawo aji mu fitar da farashi tare.